Wa Ya Harba Kibiyar Farko?

Ranar sadakar uku ta ƙanena na shiga cikin gida in kai wa Inna saƙo, na tarar da wata tsohuwa daga unguwar gaba ta jingine sandarta a bakin ƙofa, ta zauna dab da ita a kan tabarma. Ba ta ja aya ba, ba ta yi wa'azi ba. Cewa ta yi, "Ya haƙuri, 'yar nan? Ni bakwai na haifa, biyar na miƙa." Ta shiga lissafa su da yatsu, wannan ƙyanda, wannan ciwon ciki na dare ɗaya, wannan wajen haihuwa ta tafi da cikin. Inna, wadda tun da aka fita da gawa ba ta sa komai a baki ba sai ruwa, ta ɗago kai ta daɗe tana kallonta. Da la'asar ta sha kunu.

Ina tsaye riƙe da labule, wani labari da na ji a Indiya lokacin da nake karatu ya faɗo mini a rai. Mabiya Buda suna ba da labarin wata mata, Kisa Gotami, da ɗanta tilo ya rasu yana ƙarami. Hankalinta ya gushe, ta saɓa gawar tana bin gida gida tana neman magani. Aka ce ta je wurin Buda. Bai ce mata yaron ya mutu ba, don an riga an faɗa mata ba ta ji ba. Ya ce ta samo masa 'yan ƙwayoyin mastad, wani ɗan iri kamar riɗi da ba a rasa shi a madafin Ba'indiye, amma da sharaɗi: daga gidan da ba a taɓa mutuwa ba. Duk ƙofar da ta ƙwanƙwasa ana miƙo mata irin, in ta yi tambayar sai a ce, ai waɗanda suka tafi sun fi waɗanda suka rage. Kafin rana ta faɗi ta ajiye gawar da kanta. Tsohuwar unguwarmu ba ta taɓa jin sunan Buda ba, amma maganin da ta zo da shi ke nan.

Na san akwai wanda tun daga nan ya fara tsuke fuska: me ya haɗa Musulmi da maganar masu gumaka? Ni Musulmi ne, kuma ban ajiye sallata don na karanta abin da wani ya ce game da wahala ba. Malamanmu na da ba su da wannan tsoron. Shahrastani, wanda ya rasu a 1153, ya zauna ya rubuta abin da mutanen Hindu suka yi imani da shi, har da mabiya Buda, a cikin littafinsa na addinai da ƙungiyoyi. Ja'afaru Barmaki ma, wazirin Haruna Rashid da muke jin labarinsa tun muna yara, kakanninsa masu kula da wani babban wurin ibadar Buda ne a Balkh, cikin Afganistan ta yau, kafin gidansu ya musulunta. Sanin abin da maƙwabci ya dafa ba ya wajabta maka ci.

Mutumin da ake kira Buda, wato wanda ya farka, sunansa Siddarta Gautama. An haife shi a Lumbini, cikin ƙasar Nepal ta yanzu, kimanin shekara 2,500 da suka wuce, ɗan gidan sarautar ƙabilar Shakya. Ruwayar mabiyansa ta ce ubansa ya killace shi cikin daula don kada ya ga abin da zai ɓata masa rai, har ranar da ya fita kilisa ya ci karo da tsoho tukuf, wata rana da majinyaci, wata rana da gawa, daga ƙarshe da wani mai gudun duniya da ke tafe hankalinsa kwance. Yana da shekara 29 ya sulale da dare ya bar matarsa da jaririn ɗansa Rahula. Shekara shida yana azabtar da jikinsa da yunwa har haƙarƙarinsa suka fito, bai ga biyan buƙata ba. Ya karɓi shinkafa da madara daga hannun wata yarinyar ƙauye, abokan zuhudunsa biyar suka ce ya lalace suka watse suka bar shi. Ya zauna ƙarƙashin wata bishiya dangin ceɗiya a wurin da yanzu ake kira Bodh Gaya, a jihar Bihar, kuma a nan ne mabiyansa suka ce ya gano bakin zaren, yana ɗan shekara 35. Ya yi shekara 45 yana yawon karantarwa, ya rasu a Kushinagar yana da 80.

Na je Sarnat, inda ya yi wa waɗancan abokai biyar karatunsa na farko. Bai fi kilomita goma daga birnin Banaras ba. Akwai wani katafaren gini na dutse da jan bulo, kamar rumbu amma tsayinsa ya haura mita 40, babu ƙofa babu taga. Masu ziyara daga Siri Lanka sanye da farare suna zagaya shi a hankali, sufayen addinin Buda daga Tailan cikin mayafi ruwan lemo, na Tibet cikin ja mai duhu, kowa shiru. A gidan tarihin da ke kusa akwai kan ginshiƙin nan mai zakuna huɗu da Sarki Ashoka ya kafa, wanda shi ne tambarin da ke jikin kuɗin Indiya. Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa yana waje, bakin ƙofa: wata mata da jariri a kafaɗa, ƙuda na bin idonsa, tana miƙa wa masu fitowa hannu. Mutane sun fito daga nazarin wahala, ga ta zaune tana jiransu, kuma da yawa sun ratse ta gefe. Ni ma na ratse.

Abin da Buda ya koyar a wurin shi ake kira gaskiya huɗu, kuma tsarinsa tsarin mai magani ne: ga cuta, ga mafarinta, tana warkewa, ga yadda ake sha. Cutar ya kira ta dukkha. Ana fassara ta da wahala, amma ta fi haka faɗi. Haihuwa, tsufa, ciwo, mutuwa, zama da wanda ba ka so, rabuwa da wanda kake so, neman abu ka rasa. Har daɗi ma yana ciki, domin kana tsakiyar jin sa kana jin tsoron ƙarewarsa. Duk wanda ya taɓa sayen sabuwar waya ya kwana yana shafa ta, bayan wata biyu ya ga ta abokinsa tasa ta fita masa a rai, ya san abin da ake nufi.

Mafarin cutar ya ce tanha ne, ƙishirwa. Ranar da malamin da ke mana bayani ya faɗi wannan, dariya ta kusa suɓuce mini, don tun ina yaro Inna take mana waƙar: kwaɗayi mabuɗin wahala, in ba kwaɗayi ba wulaƙanci. Sai dai ƙishirwar Buda ta zarce kwaɗayin da Bahaushe ke nufi, na leƙen tukunyar wani. Kashi uku ya yi mata. Akwai ta jin daɗi, wadda kowa ya sani. Akwai ta son zama wani, a ce da kai Alhaji, a ce ranka ya daɗe, sunanka ya wanzu. Akwai kuma ta son gushewa, mutum ya so abin da ke damunsa ya ɓace ko shi kansa ya ɓace. Wannan ta ukun ban taɓa ɗaukarta a matsayin kwaɗayi ba sai da na ɗanɗana ta. Maganin kuwa hanya ce mai rassa takwas, da ta haɗa gyaran fahimta da niyya, gyaran harshe da aiki da sana'a, sannan horar da zuciya ta iya tsayawa wuri ɗaya ta kalli abin da ke gudana a cikinta ba tare da ta bi shi a guje ba. Ga mabiyi na gida akwai hani biyar: kisa, sata, fasiƙanci, ƙarya, da abin maye. Wajen sana'a ya hana cinikin makamai, da na mutane, da na guba, da na giya, da na nama. In ka cire na ƙarshen, wanda mahautanmu ba za su yarda ba kuma ni ma ban yarda ba, sauran ba baƙi ba ne a kunnenmu.

Amma abin da na riƙe daga duk karatun misali ɗaya ne. Ya ce mutum in ciwo ya same shi kamar wanda aka harba da kibiya ne. Sai shi kuma ya ɗauki kibiya ta biyu ya caka a daidai wurin: kuka da ƙirji, me ya sa ni, da na yi kaza, wane ne ya ja mini. Wanda ya horu, in ji shi, ta farko kaɗai ke samunsa. Tana masa zafi kamar kowa, amma ba ya ƙara ta biyu.

Ni na san ta biyun, don na yi wata takwas ina caka wa kaina ita. Ni na aiki ƙanen nawa. Bayan magariba ne, kaya suka iso tasha, na ji ƙyuyar fita na ce ya ɗauki babur ya karɓo. Kowane dare in na kwanta sai in sake zaman: da na bari sai da safe, da na je da kaina, da ban ba shi makullin ba. In kai ƙarshe in koma farko, har a kira assalatu. Na rame, na daina zuwa majalisa, matata ta fara tsoron yi mini magana. Annabi (SAW) ya riga ya gargaɗe mu cewa "da na yi kaza" tana buɗe aikin Shaiɗan, kuma na san hadisin tun ina Islamiyya. Abin da misalin kibiyar ya ƙara mini shi ne ya sa na ga hannuna a kan bakan. Mutuwar ƙanena sau ɗaya ta faru. Wadda nake yi masa kowane dare ni nake shirya ta. Na fara kama kaina in tunanin ya taso, in ce ga ta nan ta zo, in yi istigfari, in bar ta ta wuce kamar baƙon da ba a ba wa tabarma ba. Ba dare ɗaya ta tafi ba, amma ta tafi.

To, a nan ne nake da magana da masu ɗaukar irin wannan koyarwa su mai da ita bargon rufe ɓarna, ko a can ko a nan. Kibiya ta biyu taka ce, kai za ka ajiye. Ta farko fa? Motar da ta hau kan ƙanena kauce wa rami take yi, ramin da ya shekara uku a tsakiyar titi. A asibitin da muka kai shi likita ɗaya ne a kan aiki, babu jini sai mun nemo, wuta ta ɗauke ana cikin ɗinki aka ƙarasa da fitilar waya. A kwana bakwai na zaman makoki na ji kalmar haƙuri ta fi sau dubu, kuma na gode wa duk wanda ya faɗa. Ban ji mutum ɗaya ya ambaci ramin ba. Kwana ya ƙare, shi ke nan. Na yarda kwana ya ƙare. Amma wanda aka ba kuɗin gyaran titi ya cinye, shi ma nasa lissafin yana nan, kuma imani da ƙaddara bai taɓa zama takardar sallamarsa ba.

Wani abokin karatuna daga jihar Maharashtra ne ya fara nuna mini cewa a cikin mabiya Buda ma an yi wannan rigimar. A ɗakinsa hoto biyu ne a bango: Buda, da wani mutum mai tabarau cikin shuɗiyar kwat. Shi ne Ambedkar, wanda ya jagoranci kwamitin rubuta tsarin mulkin Indiya kuma ya zama ministan shari'arta na farko. An haife shi a 1891 cikin mutanen da tsarin Hindu ya ɗauka ƙazantattu, waɗanda ba a taɓawa. Yana yaro a makaranta buhu yake zuwa da shi daga gida ya zauna a kai, ware da sauran yara, kuma in yana jin ƙishirwa sai masinja ya tsiyayo masa ruwa daga sama don kada ya taɓa mazubin. Ranar da masinja bai zo ba, babu ruwa. A 1927 ya ja dubban mutanensa zuwa wani tafkin gari a Mahad suka sha ruwa a bainar jama'a, aka far musu da duka. A 1935 ya ce a Hindu aka haife shi amma ba zai mutu a Hindu ba, kuma ranar 14 ga Oktoba 1956, a Nagpur, ya karɓi addinin Buda tare da dubban ɗaruruwan mutane. Bai cika wata biyu ba ya rasu. Kakan abokina yana cikin taron.

Ka yi tunanin a je wa wannan yaron mai buhu a ce masa ƙishirwarsa ce mafarin wahalarsa. Ambedkar bai haɗiye wannan ba. Ya fito fili ya yi shakkar ko gaskiya huɗun nan, yadda sufaye suka jera su, daga bakin Buda suka fito, domin a ganinsa suna iya kashe wa talaka fata. Ya karanta wahala a matsayin abin da mutum ke yi wa mutum. Malaman gargajiya na addinin sun ce ya yi wa karatu kwaskwarima, kuma wataƙila ya yi. Amma bai rasa madogara ba. A cikin tsofaffin nassoshinsu na harshen Pali akwai inda aka ba da labarin sarkin da 'yan fashi suka addabi ƙasarsa, mai ba shi shawara ya ce kisa da ɗauri ba za su gama da su ba, ya ba manoma iri, ya ba 'yan kasuwa jari, ya biya ma'aikata haƙƙinsu, zai ga mutane sun kwana ƙofa a buɗe. Akwai wani kuma da ya jero yadda hana matalauta ya haifi talauci, talauci ya haifi sata, sata ta haifi makami. Har ana ruwaito cewa wani manomi ya iso wurin karatu bayan ya wuni neman sansa da ya ɓata, Buda ya ƙi fara magana sai da aka ba shi abinci, ya ce babu cutar da ta kai yunwa.

Sufayen Buda na ƙasar Bama, wato Myanmar, sun nuna sun san wannan ɓangaren a 2007. Gwamnatin soja ta ƙara kuɗin mai a watan Agusta, kuɗin mota da na abinci suka yi sama, a Satumba dubban sufaye suka cika titunan Yangon. Wasu suka kife ƙoƙon bararsu, alamar ba za su karɓi sadakar soja ba, wanda a wurinsu ya kusa zama korar mutum daga jama'a. Aka buɗe musu wuta, aka kwashe su daga gidajen ibada da dare. Mutanen da aikinsu kullum shi ne zama su kashe son duniya a zuciya, su ne suka fito saboda farashin mai.

Kuma a ƙasar Bamar dai, bayan 'yan shekaru, wani sufi mai suna Wirathu ya yi ta zuga jama'a a kan Musulmi, da mayafinsa da askakken kansa. Yawancinmu ta nan muka fara jin sunan addinin Buda, ta hotunan Musulmin Rohingya. Dokar 1982 ta riga ta raba su da zama 'yan ƙasa, daga Agustan 2017 kuma sama da mutum 700,000 suka tsallaka Bangaladash bayan soja sun ƙone ƙauyukansu, har Gambiya ta kai ƙara kotun duniya a 2019. Addinin da haninsa na farko shi ne kashe rai, wanda nassinsa ya ce ƙiyayya ba ta taɓa kashe ƙiyayya, bai hana wasu masu sanye da rigarsa sa albarka ga wannan ba. Ba zan ɗora wa Buda laifin Wirathu ba. Mu da muka sha jin ana jingina mana ta'asar masu tayar da bam a kasuwa da masallaci, mun fi kowa sanin zafin irin wannan hukuncin. Abin da na ɗauka shi ne, sanin cewa haɗama da ƙiyayya da ruɗu su ne guba uku, kamar yadda suke koyarwa, bai hana mai karatun sha ba.

Yanzu kuma koyarwar ta shiga kasuwa. Tun 1979 wani Ba'amurke, Jon Kabat-Zinn, ya ɗauki salon zaman natsuwar ya cire masa addini ya shigar da shi asibiti don masu ciwo mai naci, kuma mutane sun amfana. Daga nan ya zama manhajar waya da ake biya duk wata, kamfanoni na saya wa ma'aikatan da suke tatsa kamar saniya. Ka ja numfashi minti goma, ka koma bakin aiki, kada ka tambayi albashi. Rassa takwas aka ce, suka tsinke ɗaya suka yar da bakwai, har da na gyaran sana'a. Da wannan da shugaban da zai tsaya a gaban mayunwata ya ce a ƙara haƙuri alhali tumbinsa ya riga shi shiga zaure, duk kanwar ja ce.

Inda muka rabu da Buda a fili yake. Ba ya maganar Mahalicci, ya ce babu wani rai tabbatacce a cikin mutum, kuma burinsa a fita daga zagayen haihuwa da mutuwa gaba ɗaya, abin da suke kira nibbana, mutuwar wuta in makamashi ya ƙare. Ni na yi imani wahala jarrabawa ce daga Wanda ya san ni, kuma akwai ranar da za a tara mai ramin da wanda ramin ya ci. Akwai kuma abin da har yau bai kwanta mini ba: mutumin da ya tsallake jaririnsa da dare. Mabiyansa za su ce ya dawo daga baya, ɗan ma ya bi shi. Na ji. Amma in maganin zafin rabuwa shi ne a sassauta riƙo tun kafin a rabu, ban so Inna ta sha shi. Annabi (SAW) ya rungumi ɗansa Ibrahim yana cikawa, hawaye na zuba, ya ce ido na zubar da hawaye, zuciya na baƙin ciki, ba ma faɗin sai abin da Ubangiji ya yarda da shi. Har gobe Inna in ta dafa dambu sai ta yi shiru, don shi ne mai cinye ƙanzon. Ba na fatan ranar da za ta daina.

Watan jiya na bi ta hanyar tashar. Ramin yana nan, ya ƙara faɗi bayan damina. Wasu yara uku sun samo shebur da kwano suna zuba masa jar ƙasa, in mota ta rage gudu su ɗaga hannu a jefa musu hamsin ko ɗari. Na tsaya na ba su, na tambayi babbansu tun yaushe suke wannan aikin. Ya ce kullum suna cikewa, in an yi kwana biyu ya koma yadda yake. Na rubuta takarda ta uku zuwa ofishin da abin ya shafa, da sa hannun mutum goma sha ɗaya na layin. Biyun farko ba a amsa ba.